Ranar da Aka Saki Ruwa Ana Saukar Iya

Mutanen gidanmu suna cewa na cika mita tun da na tsufa. To, bari in faɗi abin da ya faru daga farko, sannan a yanke mini hukunci. Ni ba mai dogon ilimi ba ne. Na leƙa firamare, na ga abin da ake yi a ciki, na fito da mutuncina. Amma ko wanda bai taɓa riƙe alli ba ya san ba a sa mamaci ya jira a gama tafi, kuma abin da aka yi wa Iya ke nan, a ƙofar gidanmu, ina zaune a kujerar roba ina kallo.

Iya ba ita ta haife mu ba. Yayarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan ƙarami, Auta kuwa yana goye, sai ta kwashe mu ta kawo mu gidan mijinta a wannan ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda muke har yau. Sana'arta gumi. Ta jiƙa shinkafa, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji. Hayaƙi ya cinye mata ido tun da sauran ƙarfinta. Da wannan duron ta yi wa Auta karatu har ya zama ma'aikacin ruwa mai zuwa ofis da takalmi sau-ciki. Ni kuwa da ta ga kaina ba ya riƙewa, sai ta miƙo mini fartanya ta ce, "Ungo, kai ma ga naka alƙalamin."

Ta haihu, amma ba wanda ya rayu. Da ciwo ya kwantar da ita, wata rana na shiga gaishe ta, ta laluba ta kama hannuna.

"Kai nake bar wa," in ji ta. "Auta yana da kirki, amma kansa yana ofis. Ba ni da ɗan da zai tara mini malamai. Ranar da na shekara a yi mini sauka. Izu sittin, kada a rage mini ko ɗaya."

Na ce, "Iya, ai ke za ki yi mini tawa."

Ta ce, "Rufe mini baki, ka ce to."

Na ce to.

Sai Allah ya yi shekarar ta zagayo daidai da ritayar Auta, bayan shekara talatin da biyar yana buɗe ruwa yana rufewa. Babban ɗansa, wanda ke aiki a birni, mai tumbi da waya biyu, ya zo ya tara mu a zaure.

"Baffa," ya ce da ni, "ai sai mu haɗa kawai. Fatin Baba da addu'ar Gwaggo, rana ɗaya. Tunda jama'a za su taru."

"Fatin wa?"

"Walima, Baffa. Walima nake nufi."

Ban so ba. Amma ranar shekarar Iya ta faɗo ran Asabar, manyan Auta kuma ba sa samun zuwa sai Asabar, kuma na yi tunanin yawan hannun da za a ɗaga mata ba laifi ba ne. Abu ɗaya na tambaya, shi ne ruwa.

Ga wanda ba ɗan nan ba ne, bari in yi bayani. Mu noman rani muke yi da ruwan kanal, kuma ruwan ba kullum yake zuwa ba. Kowane layi da ranarsa. In ranarku ta zo aka buɗe ƙofa, ko aski ake yi maka sai ka tashi da rabin kai, don da magariba za a rufe. A shekarar kuwa an tsayar da ruwan ana gyaran babban kanal, shinkafa ta yi ciki tana jin ƙishi, ƙasa ta soma tsagewa. Malamanmu kuma ba na zaman buzu kaɗai ba ne. Kowannensu gafaka a wannan kafaɗa, fartanya a waccan.

Auta ya gyara hula ya dube ni.

"Yaya, ni kake tambaya zancen ruwa? Ba a sakin ruwa a layinmu ran Asabar. Ni na tsara da hannuna."

Duk muka ce shi ke nan. Ba wanda ya tuna, har shi kansa, cewa tuni ya miƙa makullin ƙofar ga wanda ya gaje shi. Mun saba ne. Shekara da shekaru, in za a sa ranar suna ko ɗaurin aure a ƙauyen nan, Auta ake fara tambaya kafin liman.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna har sun toshe hanyar masu babur. An jera kujeru, an ɗaura lasifika a jikin darbejiya, an rataye wani ƙaton hoton Auta yana murmushin da ni dai ban san shi da shi ba. Da hantsi malamai goma sha biyu suka iso, Alaramma a gaba, tsoho tukuf, ana riƙe masa gafaka. Na shimfiɗa musu tabarmi a zaure. Kowa izu biyar, kafin azahar an gama, an shafa, na sauke abin da ke wuyana. Haka na lissafa.

Alaramma ya kai hannu zai kwance gafaka ke nan sai ga ɗan birni, waya a kunne.

"Baffa, a ɗan dakata. Manyan baƙi za su koma Kano da wuri."

"To su koma mana. Wa ya riƙe su?"

"A'a, Baffa, akwai firogiram. Jawabai ne kawai, yanzu za a gama."

Na ce malamai su yi karatunsu a zaure, masu jawabi su yi nasu a waje. Alaramma ya saurari lasifikar nan tana rugugi har bango na rawa, ya girgiza kai.

"Ba a karatu a cikin wannan. Ko dai a kashe ta, ko mu jira."

Auta ma ya aiko wai yana so a yi saukar yana zaune a ciki. Wannan ita ta ɗaure ni. Na koma rumfa na zauna, ina huci.

Jama'a, na sha jawabi. Ban san mutum ɗaya yana da halaye masu yawa haka ba sai ranar. Wani ya tashi ya ce Auta madatsar ruwa ne. Wani ya ce a'a, kogi ne. Wani mai jar hula ya rantse bai taɓa ganin Auta yana barci a bakin aiki ba, ni kuwa na san mangwaron da yake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, don ni nake tashinsa in na zo wucewa. Kowa ya karɓi abin magana sai ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya faro daga zamanin da aka haƙa kanal. Aka ba shi wani katako mai rubutu, aka ba shi agogon bango, mutumin da ya daina zuwa aiki. Aka kawo kek aka ce matarsa ta sa masa a baki, da furfurarsa. Ni dai na dubi ƙasa.

Daga inda nake ina hango malamai a zaure. Wasu sun jingina da bango, ɗaya ya yi gyangyaɗi, biyu suna gardama kan taki.

Da Auta ya tashi yin nasa, ya gode wa ma'aikata, ya gode wa darakta, ya gode wa direban darakta. Ina jira. Can ya ce, "Sannan akwai yayata, wadda da hayaƙin duronta..." Sai muryar ta maƙale. Ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, to, yanzu za a yi shiru a ce Allah ya ji ƙanta. Sai mai gabatarwa ya yi wuf ya ce, "A tafa masa! A tafa wa Oga!" Aka kwashe da tafi. Iya ta yi shekara a ƙasa, tafi aka fara aika mata.

Sai bayan sallar azahar motocin manya suka tashi. Aka kashe lasifika, kunnuwana suka dawo. Muka shiga zaure, Auta ya naɗe babbar rigarsa mai sitati ya zauna kusa da ni. Alaramma ya raba, ya ce wane kai daga nan zuwa nan, wane ka ɗora daga nan. Aka yi bisimilla, zaure ya ɗauki gunjin nan mai daɗi, murya goma sha biyu kowace da inda ta dosa. Na lumshe ido. Na soma ganin Iya a tsugune tana iza wuta.

Ban kai ga ganin fuskarta ba na ji babur ya ci burki a waje.

"An saki ruwa! An saki ruwa a layinmu!"

Na sha ganin gudu, amma ban taɓa ganin kujerun roba suna tashi sama ba sai ranar. Mutanen da suka rage a rumfa suna cin shinkafa, kafin in leƙa ba kowa sai faranti da kaji. A zaure kuwa karatun bai tsaya ba, raguwa ya yi, kamar injin niƙa in mai ya kusa ƙarewa. Wannan ya saci kallon wancan. Wani ya soma laluben takalminsa da ƙafa, baki na motsi.

Na ce, "Malamai, ku ji tsoron Allah."

Ɗaya ya ce, "Muna ji, Alhaji. Shinkafar ce ba ta da haƙuri." Ban je Makka ba, amma in mutum zai gudu ya bar ka, Alhaji yake ce maka.

Alaramma ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Duk waɗannan da ka suke karatu, ba sa bukatar takarda. Kowa ya san izunsa. Ya tafi da shi, ya karanta a bakin gonarsa. Ni zan yi nawa a nan."

"Alaramma, ana karatu ana gyara kunya?"

"Da hannu ake gyara kunya. Ba a ce da baki ba."

Bai rufe baki ba zaure ya zama daga ni sai shi sai Auta.

Auta ya miƙe, fuska ta yi baƙi. "Asabar ce fa," yake ta faɗi. "Yau Asabar." Ya fizgo babur ɗinsa, na ɗare bayansa, don na yi alkawari a raina zan bi malaman nan ɗaya bayan ɗaya. Amma shi bakin ƙofar ruwa ya nufa. Muka tarar da wanda ya gaje shi yana tsaye, ruwa na ambaliya ta ƙarƙashin ƙarfe. Yana ganinmu ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Allah ya sanya alheri. Na so zuwa, aiki ne ya..."

"Wa ya ce ka saki ruwa ran Asabar?"

"An gama gyara da safe, ranka ya daɗe. Aka bugo aka ce a saki. Shinkafar mutane tana mutuwa."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙasa, ya dubi ruwa. Yana da kunya, bai faɗa ba. Auta ya tsaya, babbar riga na kaɗawa, hannunsa na lalube a aljihu, ba komai a ciki sai ragowar goro. Ni da na tanadi tsiyar da zan yi masa har mu koma gida, sai na fasa.

Na ce, "Tayar da babur, Madatsar Ruwa. Muna da aiki."

Muka bi gefen kanal. Duk inda ka duba mutum ne tsundum a cikin laka, ana jera tiyo ana zuƙo ruwa zuwa gona. Malamin farko mun same shi ya naɗe wando har gwiwa, baki na tafiya. Na ɗaga masa hannu, ya nuna mini yatsa uku bai katse ba. Na biyu yana karatu yana jifan awaki. Na uku ya tsaya a tsakiyar aya, ya daka wa 'ya'yansa tsawa kan tiyon da ya kuɓuce, ya yi a'uziyya, ya koma baya ya ɗauko. Wannan ya burge ni, na sa masa albarka. Muka yi ta zagaye, mu je mu dawo, Auta na tuƙi, laka ta yi wa farar shaddarsa zane har kafaɗa. Bayan la'asar goma sun ce sun sauke. Na buga wa Alaramma, ya ce shi ma ya gama.

Saura ɗaya. Gonarsa ce ta ƙarshe a layin, can inda ƙaramin kanal yake ƙarewa. Gajeren malami ne, mai saurin fushi. Muka same shi tsaye a busasshen kanal, hannu a ƙugu.

"Malam, an gama?"

"An gama me? Bisimillar zaure ce kaɗai. Tun ɗazu nake sama da ƙasa, ko ɗigo bai iso ni ba. Dubi ƙasar nan. Ka sa hannunka a tsagar nan ka gani."

"To ai sai ka zauna ka karanta kafin ya iso."

"Ya iso ta ina? An tare shi da buhun yashi a sama. Ni in raina a ɓace ba na karatu, sai in haɗa wannan sura da waccan. Kana so in aika wa yayarka da gauraye?"

"Wane marar imani ne ya tare?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "'Ya'yanka."

Na ja gefe na sake buga wa Alaramma, na ce ko zai ɗauki biyar ɗin nan. Ya ce nasa ma da ƙyar numfashi ya kai shi, sauran kuma suna cikin ruwa har rufewa. "A bari gobe mana. Lada ba ya tsami."

Na ce, "Tun hantsi ake ce mata ta jira. Yau ta ce, yau na ce to."

Muka koma sama. 'Ya'yana biyu, manya masu iyali, sun gitta buhun yashi a ƙaramin kanal, ruwa ya taru ya yi tsayi, sun jera tiyo kamar haƙoran mataji. Ba su kaɗai suke yin haka ba, amma nasu ne na ƙarshe kafin gonar malam. Ruwa ya ci rabin gonata. Ɗaya rabin tana nan fari fat, ganye ya nannaɗe.

"Ku cire buhun nan."

Babban ya ɗago, laka har gemu. "Baba, rabi bai sha ba. Tana ciki fa. In ba ta sha yau ba ta tafi."

"Na gani."

"To a ba mu kafin magariba mana."

"Kafin magariba an rufe. Shi kuma ya karanta da me?"

"Baba, Gwaggo ai ba ta cin shinkafa yanzu. Mu muke ci."

Na so in kai masa mari, sai dai gaskiya ya faɗa, kuma hannuna ba ya kai inda yake. Na tsaya ina duban gonar. Ni na yi dashenta da bayan nan nawa da ba ya miƙewa. Na san abin da ke cikin rumbu, na san bakin da ke jira. Na daɗe a tsaye, har ƙaramin ya ɗauka na haƙura ya koma kan tiyo.

"Na ce ku cire."

Ba wanda ya motsa. Sai na ji fantsama a bayana. Auta ne ya faɗa kanal, babbar riga, hula, takalmi da komai. Ya rungumi buhun nan yana nishi.

Babban ɗana ya ce, "Haba Baffa, ai ka yi ritaya!"

"Ubanka ne ya yi ritaya!"

Na ce, "Ni dai ina nan, ba a ba ni agogo ba. Ja, Auta."

Ya ja, ya faɗi zaune, buhu ya biyo shi. Ruwa ya zube ya nufi ƙasa, tiyon 'ya'yana suka yi ta shaƙar iska ɗaya bayan ɗaya har suka yi shiru. Su biyun suka ɗauki fartanyunsu suka tafi, ba sallama.

Muka bar babur a nan muka bi ruwan da ƙafa. Wanda bai taɓa raka ruwa a busasshen kanal ba bai san jinkiri ba. Yana tafe yana tura kara da ganye, duk tsagar da ya tarar sai ya tsaya ya cika ta. Ina binsa ina yi masa faɗa, Auta na share masa hanya da hannu, rigarsa na jan laka. Rana kuwa ba ta jiranmu.

Malam yana ganin bakin ruwa ya taɓa gonarsa ya saki fuska. Ya daidaita tiyonsa, ya miƙa wa Auta fartanya ya ce, "Oga, riƙe mini nan, ai ka fi ni sani." Ya tsuguna ya yi alwala da ruwan, ya hau kan kunya ya fuskanci gabas. Na zauna kusa da shi har gwiwarmu na haɗuwa, don kada a ce an tsallake ban ji ba, ko da yake in an tsallake ɗin ma ba ganewa zan yi ba. Muryarsa ba daɗi, kamar ana jan kwano a siminti. Amma bai tsaya ba. Auta yana can yana ba da ruwa, yana share ido da gefen hannu, wai laka ce ta shiga.

Rana ta yi ja ta taɓa kan rake lokacin da ya ce ya sauke. Na buga wa Alaramma, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya ce, "To, ta cika." Ya soma addu'a, mu uku muka ɗaga hannu a kan kunya. Bai kai tsakiya ba waya ta yanke. Na buga, ta ƙi. Na ɗaga ta sama, na juya gabas na juya yamma, ta ƙi. Gajeren malam ya ce, "Ajiye abin nan," ya ƙarasa da kansa, ya ambaci Iya, muka shafa. Wajen mutum ɗari biyu suka ci shinkafa a ƙofar gidanmu ranar, uku suka ce amin. Ba a jima ba ruwan kanal ya soma ja baya, an rufe.

Da girbi ya zo, rabin gonar nan ƙaiƙayi ta ba ni. In ka matsa zangarniya sai iska. Babban ɗana ya daɗe yana gaishe ni daga nesa kamar surukinsa, matata kuwa duk tuwon da ta kawo sai ta ce in ci a hankali, na rabin gona ne. Ɗan birni ya turo mini bidiyon walima a waya, da kiɗa a ƙarƙashi, na ga kek sau uku, ban ga zaure ba.

Gajeren malam kuwa ya cika rumbu. Muka haɗu a kasuwar Bunkure yana sayar da buhu, ya yi ƙiba har wuya.

"Alhaji! Ka ga albarkar karatu ko?"

"Na ga albarkar ruwana dai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in za a yi ta baɗi kada a manta da shi.

Na ce masa Iya guda ɗaya ta nema, an ba ta, ta cika. Ni kuma gona ɗaya gare ni.